Ranar da Rediyo Ta Gaya Mini Shekaruna



Wata Lahadi da la'asar ina zaune a shagon aski a unguwar Aboabo, nan cikin Kumasi, an ɗaura mini ƙyalle a wuya, wata 'yar rediyo kuma tana rataye a jikin ƙusa tana ta magana. Mai gabatar da shirin, wanda daga jin muryarsa ka san yaro ne ɗanye shakaf, ya yi sallama, ya ce yau ranar tuna baya ce, zai kawo wa masu sauraro "waƙoƙin iyayenmu". Na gyara zama, ina jiran in ji kalangun Shata ko kuntigin Ɗan Maraya. Sai kawai na ji kiɗan fiyanon fim ɗin Sangaya ya tashi.

Ban san sa'ad da kaina ya fara kaɗawa ba, har sai da mai askin ya janye injinsa don kada ya ji mini ciwo. Ya dube ni ta cikin madubi yana murmushi, ya ce da irin Hausarmu ta Zango, "Baba, ashe kun san wannan waƙa? Mamana ma yana son shi sosai." Na ce, "Na san ta, yaro." Daga nan ban ƙara cewa uffan ba. Na sunkuyar da kai na dubi gashin da ke zubowa a kan ƙyallen, na ga kusan rabinsa fari ne. Furfurar nan na daɗe ina ganinta, amma ban taɓa gaskata ta ba sai ranar da rediyo ta ba da shaida.

A hanyar komawa gida na yi ta musu da mai gabatarwar nan a cikin zuciyata. Ina Sangaya ina tsufa? Ba jiya-jiyan nan ba ne muka cika ɗakin wani maƙwabcinmu mai bidiyo, wasu a ƙasa wasu a taga, muna kallon Ali Nuhu da Fati Muhammad? Amma lissafi ba ya jin kunyar kowa. Fim ɗin, wanda kamfanin Sarauniya na Kano ya fitar, ya yi kimanin shekara 25 a duniya. Ranar da na fara kallonsa, da wani ya sa mini waƙa mai shekara 25, da waƙar zamanin mulkin Janar Acheampong ke nan, tun ba a haife ni ba, kuma da ni ma "waƙar iyayenmu" zan kira ta ba tare da na ga na yi wa kowa laifi ba. Black Sherif, ɗan Zangon Konongo da yara suke yayi yanzu, a 2002 aka haife shi, wato Sangaya ta girme shi. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa mutanen Ghana sun kai miliyan 30.8, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 ba su wuce shekara 35 ba. Ashe galibin waɗanda nake gogayya da su a Kejetia, a wancan lokacin ko dai ba a haife su ba, ko suna goye, ko suna 'yan firamare. Yaron rediyo bai yi ƙarya ba. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, yau kuma mu ne muka koma bayan.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa waƙa ce take yi wa mutum wannan sanarwa, alhali ga ciwon gwiwa, ga tabarau da ya zama dole kafin a karanta saƙon waya, ga 'ya'ya sun doshi aure? Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa idan aka ce dattijo ya ba da labarin rayuwarsa, mafi yawan abin da zai tuno yakan fito ne daga tsakanin shekararsa ta 10 da ta 30. A wannan tsakanin ne mutum yake yin komai karon farko: soyayyar farko, tafiyar farko, kuɗin farko da ya samu da guminsa, rashin farko da ya girgiza shi. Waƙar da ake yayi a lokacin takan kama waɗannan abubuwa kamar yadda turare yake kama tufafin da ke cikin adaka. Ciwon gwiwa a hankali yake zuwa har mutum ya saba da shi. Waƙa kuwa ba ta tsufa a kunnen mai ita. Yadda ka bar ta haka za ka same ta, da muryarta da kiɗanta. Shi ya sa idan ta tashi sai ta tsayar maka da saurayin da kake a da kusa da dattijon da ka zama, ka ga tazarar da idonka.

Wannan kowa yana jin sa, Batone da Bature da Bahaushe. Mun gani a Yulin 2025, sa'ad da Daddy Lumba ya rasu gidajen rediyo suka yi ta sa waƙoƙinsa. Duk wanda ya yi samartaka a 1998, shekarar Aben Wo Ha, ya san jimamin da ya yi rabi na mawaƙin ne, rabi na ƙuruciyar kansa. Amma mu Hausawan da ke zaune nesa da ƙasar Hausa, lamarinmu yana da ƙarin nauyi, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. A ganina, ranar da waƙarka ta koma shirin tuna baya, an naɗa ka dattijo ke nan, ko kana so ko ba ka so, kuma ajiyar da take hannun iyayenka ta dawo hannunka. A Kano ko Damagaram, idan mutum ya yi sakaci da wannan ajiya, gari zai riƙe masa, domin kasuwa da fada da gidan rediyo da maƙwabta duk Hausa suke yi. A Zango kuwa, idan muka sake ta, babu mai tare ta kafin ta kai ƙasa.

Bari in koma baya kaɗan don a fahimce ni. Goro ne ya kawo kakanninmu. Fatake suka yi ta sintiri tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, suna kawo kanwa da fatu da tufafi, suna komawa da goro, Salaga ta zama babbar kasuwarsu. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai jama'a suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu Kumasi, wasu har bakin teku. Zango asalinsa wurin sauke kaya ne na kwana biyu, mu ne muka mayar da shi gida. A Nuwamban 1969 kuma gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi, ta ba marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Gidaje da yawa a Zango suka rabu biyu, wa ya tafi ƙane ya zauna. Abin da ya rage wa waɗanda suka zauna na sada zumunci da can, ban da wasiƙa da saƙon baki, shi ne rediyo da kaset.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da rediyo mai gajeren zango, wadda ba mai taɓa ta sai shi. Da safe bayan salla sai BBC, wadda ta fara shirin Hausa a Maris ɗin 1957, watan da Ghana ta sami 'yancin kai. Da dare kuma ya yi ta murɗa maɓalli yana neman Kaduna, ya ɗaura wa eriya waya har kan rufin kwano. Muryar takan zo ta tafi kamar igiyar ruwa. Kaset kuwa direbobin manyan motocin goro da na shanu suke kawowa, a yi ta kwafa daga wannan zuwa wancan har sautin ya dusashe. A nan na fara jin Shata, da kotson Ɗanƙwairo, da kuntigin Ɗan Maraya, a ɗakin mahaifiyata kuma ƙwaryar Barmani Coge. Abin da ban gane ba sai yanzu shi ne, tsohon nan karatu yake ba mu. Yakan tsayar da kaset a tsakiya ya tambaye mu ma'anar wata kalma. Idan muka yi shiru sai ya shiga bayani: mene ne kirari, mene ne zambo, me ya raba shi da habaici, wane ne Sardauna, me ya sa ake kwatanta sarki da giwa. A lokacin gani muke yi takura ce. Mun ƙosa ya fita masallaci mu cire kaset ɗinsa mu sa namu.

Namu kuwa gauraye ne, kamar yadda mu kanmu muke. Mu ne muka yi samartaka sa'ad da aka buɗe gidajen FM masu zaman kansu a tsakiyar shekarun 1990. Mun ji Reggie Rockstone ya fitar da Makaa Maka a 1997, ya nuna ana iya yin irin waƙar samarin Amurka da harshen Twi. Mun haddace waƙoƙin finafinan Indiya ba tare da mun san ma'anar kalma ɗaya ba. Da 'yan VIP na Nima suka fito da Ahomka Womu a 2003, suka kwashe kyaututtuka a shekarar da ta biyo, sai kowane ɗan Zango ya ji kansa ya ƙara tsawo: ga yaran unguwa irin tamu, suna jefa Hausa cikin waƙoƙinsu, ƙasa duka tana rawa. A ɗaya gefen kuma ga finafinan Kano suna shigowa a kaset ɗin bidiyo, daga baya a faifai, Sangaya da Wasila da ire-irensu. Ranar 18 ga Yunin 1999 da Shata ya rasu, mahaifina ya kwana uku bai kunna komai ba. Mu kuwa ko a jikinmu, hankalinmu yana kan sabon kiɗa.

Dattawa ba su raga mana ba. Suka ce wannan ba kiɗa ba ne, na'ura ce take kuka, kuma mawaƙin da ba shi da makaɗa ba shi da 'yan amshi ai ba mawaƙi ba ne. Suka ce Indiya ce aka sa wa hula da ɗankwali. A cikin maganarsu akwai gaskiya, zan dawo kanta. Amma akwai abin da ba su hango ba. Waƙoƙin nan su ne suka sa mu, yaran da aka haifa a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, muka yi sha'awar Hausar da ta wuce ta ciniki. Hausarmu ta Ghana harshe ne mai rai mai daɗin kansa, ba na jin kunyarta ko kaɗan. Ita ce ta haɗa Zabarmawa da Dagombawa da Fulani da Kotokoli a tsakar gida ɗaya. Sai dai hidimar haɗa jama'a ta sa ta zubar da wasu kaya a hanya. Ba ta cika bambanta namiji da mace ba, shi ya sa mai askina ya ce mamansa "yana" so, mu kuma mukan ce "rigana ya yage". Ƙ da ɗ da ɓ sun koma k da d da b a bakin da yawa daga cikinmu. A waƙar fim, inda saurayi da budurwa suke musayar baiti, a nan kunnena ya fara rarrabe "ta" da "ya", a nan na san nauyin kalmomi irin su bege da kewa da annuri. Wasiƙar farko da na rubuta wa wadda ta zama uwar 'ya'yana, rabin kalmominta daga can na aro su. Ashe abin da iyayenmu suka kira lalacewa shi ne gadar da muka bi muka koma ga Shata bayan mun girma. Yau idan na sa Ɗanƙwairo ina fahimtar abin da a da yake wuce ni.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Lallai akwai dattijon da ya mayar da tuna baya sana'a, ya zauna a majalisa yana cewa komai ya lalace, har koko da ƙosai ba su da daɗin na da. Ba wannan nake kira a yi ba. Yawancin irin wannan kuka idan ka tone shi za ka tarar mutum ƙafafunsa na da yake kewa, da iyayensa suna raye, da lokacin da ba shi ne mai biyan kuɗin haya ba. Zamanin kaset ba aljanna ba ne. Mun ɗauki kuɗi cike da jaka mun sayo abin da bai cika hannu ba, har sai da aka yanke wa sidi sifiri huɗu a 2007. Amma Hausawan da suka yi wancan karin magana su ne kuma suka ce da tsohuwar zuma ake magani. Bambancin yana ga abin da ka yi da baran: ko ka tare a cikinta, ko ka ɗebo daga cikinta ka ba na bana.

Na biyu, za a ce waƙoƙin fim ba su cancanci ajiya ba, domin kwaikwayo ne, kuma su ne suka kashe wa makaɗan gargajiya kasuwa. Gaskiya ne fiyanon Yamaha guda ɗaya ya maye gurbin ƙungiyar makaɗa sukutum, kuma bikin da a da za a kira masu kalangu ya koma hannun mai lasifika. Gaskiya ne kuma karin wasu waƙoƙin daga finafinan Indiya aka ɗauko shi ɗungurungum. Amma Bahaushe tun fil azal mai aro ne, mai mayar da abin aro nasa. Rubutattun waƙoƙinmu na ƙarni na 19 a kan ma'aunin waƙar Larabci aka gina su, yau wa zai ce ba namu ba ne? Kuma a cikin zamanin fiyanon nan ne aka sami irin su Aminu Ala, wanda ake nazarin Hausarsa a jami'o'i. Ba kowace waƙa ce ta cancanci yabo ba, amma kowace shaida ce a kan yadda muka rayu. Zamani zai sheƙe ya fitar da ƙaiƙayi, amma sai an ajiye masa hatsin tukuna.

Na uku, wani zai ce, mutum ya haura 40, shekarun da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Ahƙaf a matsayin cikar ƙarfi, maimakon ya kama carbi sai ya zauna yana zancen waƙoƙin soyayya? Hukuncin kiɗa magana ce ta malamai, sun daɗe suna tattaunawa a kanta, ni kuwa ba malami ba ne. Abin da zan iya faɗa daga kaina shi ne, na daɗe ban ji abin da ya tuna mini mutuwa kamar yadda waƙar nan ta yi ranar Lahadin ba. Na ƙirga waɗanda muka zauna tare a ɗakin bidiyon nan. Biyu suna maƙabarta, ɗaya ya bi hanyar Libiya ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A daren na yi musu addu'ar da na daɗe ban yi ba. Malamai suna cewa furfura mai gargaɗi ce, ni kuwa nawa gargaɗin ta eriya ya iso. Sannan ajiyar da nake magana a kanta ta haɗa da bege da Ishiriniya da waƙoƙin 'yan Islamiyya da ake rerawa a Maulidi, waɗanda su ma kaset ɗinsu yana can yana ruɓewa.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne wannan. Bayan rasuwar mahaifiyata muka buɗe adakarta, muka tarar da kaset fiye da 30 a ƙulle cikin tsohon zane. Na Shata da na Barmani ban damu da su ba, domin suna YouTube, ko yaro zai nemo su da yatsa ɗaya. Amma akwai guda ɗaya da aka rubuta wa "bikin Yaya" da biro. A ciki akwai muryoyin matan unguwarmu suna kiɗan ƙwarya a tsakar gidanmu ranar auren babbar yayata, suna ambaton gidaje da kakanni, wane daga Katsina ya zo, wance jikar madugu ce. Kaset zaren roba ne da aka shafa wa hodar maganaɗisu, zafi da laima irin na Kumasi kuwa su ne ajalinsa. Da na kai wa mai gyaran rediyo, ya buɗe ya nuna mini zaren ya yi fumfuna ya manne da juna. Minti huɗu ko biyar muka ceto, sauran ya tafi. Zabiyar da take ba da waƙa a ciki ta rasu tun tuni. Ba ta bar hoto ba, ba ta bar rubutu ba, kuma cikin jikokinta babu mai iya kawo baiti ɗaya.

Ku kwatanta ta da Alhaji Umaru na Salaga, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Waƙoƙinsa na Hausa da na Larabci suna nan ana karanta su, domin ya rubuta, almajiransa sun kwafa, kuma Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi gari-gari a shekarun 1960 tana tattara irin waɗannan takardu. Shata ya sami digirin girmamawa daga Jami'ar Ahmadu Bello a 1988, ya kuma sami littafin tarihi, Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme ya jagoranci rubutawa. Makaɗan Zango da zabiyoyinsa da maroƙansa fa, wa zai rubuta su idan ba mu ba? Shirin tuna baya abin da yake hannunsa kawai yake sawa. Idan ba mu kai masa namu ba, nan da shekara 20 jikokinmu za su ɗauka Hausawan Ghana ba su taɓa rera komai da bakinsu ba, sai dai sauraron na Kano.

Saboda haka ina da roƙo ga masu gabatar da irin waɗannan shirye-shirye a tashoshinmu na Kumasi da Akra da Tamale. Kada ku sa waƙa ku bi ta da gaishe-gaishe kawai. Ku faɗi wanda ya yi ta, da zamanin da aka yi ta, da abin da jama'a suke ciki a lokacin. Ku zaɓi kalma biyu ko uku masu wuya ku warware wa yara, kamar yadda iyayenmu suke tsayar da kaset su yi mana. Ku gayyato tsofaffin makaɗa da zabiyoyin da suka rage, su zauna a ɗakin watsa shiri tun suna iya magana. Ku ware ko minti goma ne ga abin da aka rera a nan gida.

Ga tsarana kuma, duk mai kaset ko faifai a ƙarƙashin gado ya fito da shi wannan makon. Ba sai da manyan na'urori ba. Idan an sami rakoda mai aiki, ko wayar hannu aka ajiye kusa da lasifika a ɗakin da ba hayaniya, an ceci wani abu. A rubuta sunan mai waƙar da wurin da shekarar, domin sauti marar suna maraya ne. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a tura wa 'yan'uwa na nesa. A Legon akwai ma'ajiyar sauti mai ɗauke da sunan marigayi Farfesa Kwabena Nketia, ya kamata sarakunan Zango da ƙungiyoyin matasanmu su ƙwanƙwasa ƙofarta da abin da muka tara. Wanda yake da kaka ko gwaggo da ta san waƙoƙin daka da na niƙa da na reno da na kai amarya, ya saya mata goro, ya zauna kusa da ita, ya kunna waya.

Abu mafi wuya shi ne kada mu maimaita wa 'ya'yanmu hararar da aka yi mana. 'Yata mai shekara 16 tana jin Black Sherif da 'yan Asakaa na nan Kumasi, tana kuma jin Hamisu Breaker, wanda waƙarsa Jaruma ta cika wayoyi a 2020. Sau da yawa nakan buɗe baki zan ce wannan ai hayaniya ce, sai in ji muryar mahaifina ce take shirin fita daga maƙogwarona, in haɗiye. Bayan Lahadin nan muka yi yarjejeniya, ta sa mini ɗaya, in sa mata ɗaya, kowa ya yi bayanin tasa. Ta fassara mini abin da yaron Konongo yake faɗa game da matashin da ya bar gida yana neman abin kansa, na ga ai labarin fatake ne aka sa wa sabuwar riga. Ni kuma na sa mata Ɗan Maraya, waƙarsa ta karen mota. Ta ce, "Baba, mene ne karen mota?" Na ce shi ne yaron nan mai rataye a ƙofar tirotiro yana kiran fasinja yana karɓar kuɗi. Ta yi dariya ta ce ashe tun da ana yi musu waƙa. Ban ce yanzu ta fi son Ɗan Maraya ba, domin ba ta fi ba. Amma ta ƙaru da kalma ɗaya, kuma ita da kanta ta nemi ta biyu.

Makon jiya na koma shagon askin. Yaron ya nuna mini kwalbar baƙin rinin nan da muke kira yomo, ya ce idan ina so zai mayar da ni saurayi cikin minti goma. Na ce ya bar mini furfurata, da wuya na same ta. Ya sake ce mini "Baba", wannan karon na amsa da "Na'am" ba tare da wani abu ya tsaya mini a wuya ba. Na tambaye shi ko mahaifiyarsa tana da tsofaffin kaset. Ya ce akwai wata jaka a kan durowa da ba mai taɓawa. Na ce ya gaishe ta, ya ce mata wani tsoho da suka yi zamani ɗaya yana roƙon aron jakar nan kafin damina ta sake zagayowa.

'Yan'uwa na Nima da Mamobi, na Yawunde da Garwa da Njamena, da na Mai Wurno a ƙasar Sudan, Allah ya dawo musu da zaman lafiya, kowannenku yana da tasa Sangayar, kuma ko ba daɗe ko ba jima wani yaro zai kira ta waƙar iyayensa. Ranar da ya faɗa kada ku yi fushi da shi. Ku amsa, sannan ku je ku duba adaka.

Allah ya sa mu tsufa da mutunci, ya jiƙan waɗanda suka rera mana suka riga mu gidan gaskiya. Amin.